Ɗorawa Bakwai da Jemagun da Na Sa Aka Kora

Wata amarya a gidan da muke haya nan cikin Birnin Gwari ta leƙo ran nan ta tarar ina mulmula daddawa. Ta toshe hanci tana dariya, ta ce, "Inna, ai wannan sana'ar taku ba wuya. A dafa, a rufe, a gudu kwana uku, a dawo a sayar." Sauran 'yan matan suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don yadda ta faɗa ɗin da ban dariya. Amma da suka watse sai maganar ta zauna mini. Na haura shekara arba'in ina wannan aiki, kuma in an tambaye ni inda daddawa take farawa, ba zan ce a tukunya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku a hankali. Wadda ta gaji ta ajiye, ta dawo gobe.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wankin kalwa a rafi. Kalwa ita ce ƙwayar da ke cikin 'ya'yan ɗorawa, baƙa, mai tauri kamar tsakuwa, ita ake mayarwa daddawa. An kai ni aure wani ɗan ƙauye ne a gefen Kakangi, kuma uwar mijina, wadda duk garin ke kira Iya mai daddawa, ita ta koya mini. Iya ba ta koyarwa da baki. Miƙo miki abu za ta yi ta juya baya, ki yi daidai ko ki ɓata. Ranar, kalwar ta kwana ta wuni a wuta cikin babbar tukunyar ƙasa, an surfe ta a turmi da toka da ɗan yashi har ɓawon ya saki. Iya ta ɗora mini masaki a ka, ta ba ni wata ƙwarya mai huji-huji, muka gangara. Ana tsoma ƙwaryar ne a ruwa rabi da rabi, a riƙa juya ta, ɓawo ya taso ya bi ruwa, ƙwayar ta kwanta a ƙasa. Ni kuwa na tsoma ta gaba ɗaya. Kafin in farga rabin kalwar ya bi rafi. Iya ta dube ni, ta dubi ruwan, ta ce, "'Yar nan, ashe kifi kika zo ciyarwa? To Allah ya ba da lada. Mu kuma miyarmu fa?" Ban sake tsoma ƙwarya haka ba har yau.

Daga rafi a dawo a sake dafawa da 'yar kanwa, a tsane, a juye ta da zafinta cikin kwandon da aka shimfiɗa wa ganyen kalgo, a rufe da wani ganyen, a lulluɓe da tsumma, a kai lungun ɗaki inda iska ba ta shiga. Nan ne kuke cewa ana gudu. Ba a gudu. Safe da yamma Iya takan je ta ɗora tafin hannu a jikin kwandon, kamar mai duba zazzaɓin yaro. In ya yi sanyi ta ƙara tsumma, in zafin ya wuce ƙa'ida ta rage. Ba ta buɗewa, kuma ba mai buɗewa. Rana ta uku hanci ne zai gaya miki ta nuna. Akwai warin nuna, akwai warin lalacewa, kuma sai da na shekara biyu kafin in raba su. Bayan nan sai shanya, sai kirɓi, sai a mulmula a faɗaɗa da tafin hannu, sai wata shanyar.

Shanyar nan ita ce ta fi ba ni wahala, ba don komai ba sai don nisa. A bayan gidanmu akwai fili mai kyau, rana na dukansa tun hantsi, amma Iya ba ta shanya a nan. Sai mun ɗauki kaya a ka mun wuce gonaki har wani falalen dutse, mu shanya, ɗaya ta zauna tana korar awaki. Dalili kuwa, a gefen filin akwai manyan madaci uku, kuma jemagu sun cika su. Da rana za ki gan su reto-reto kamar an rataye tsummoki, suna 'yan koke-kokensu, ƙasan wurin duk kashinsu. Na taɓa cewa, "Iya, da an kore su ai da mun huta da dutsen nan." Ta ce, "A can muka tarar ana shanya. Su ma nan muka tarar da su." Shi ke nan amsar. Ban sani ba ko ta san abin da ya wuce haka, ban kuma sake tambaya ba.

Kalwarmu daga gonar rafi take fitowa, inda muke da ɗorawa bakwai, kowace da sunanta. Akwai Mai Zuma, wadda garinta ya fi zaƙi. Akwai Gajera, da yaro ma zai iya tsinka. Akwai Tagwaye, su biyu kusa da juna, da Makara, wadda sai kowa ya gama take nuna. Sauran biyun Ta Gabas da Ta Bakin Hanya muke ce musu. Ba wanda ya shuka su. Kakan mijina ne da ya sare wurin ya bar su tsaye, tare da kaɗanya da ɗinya da tsamiya ɗaya, don a lokacinsu wanda ya sare ɗorawa ana yi masa kallon wanda ya yanka saniya mai tatsa. Ko gona aka ba mutum aro, ɗorawar tana nan ta mai gona. Kuma ba a tsinka sai mai gari ya sa an yi shela, don kada gaggawa ta sa a kakkaɓo ɗanye. Ranar shela gari kan zama kufai, kowa na gona da dogon gora mai ƙugiya a baki. A ƙarƙashin itatuwan dawa ce da wake, yakuwa a kan iyaka. Lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, garin ɗorawa ne ke riƙe cikin yara. Ɓawon kuma a jiƙa a yi makuba, a daɓe ɗaki da ita. Ba abin da ake zubarwa.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Direbobin ranar kasuwa da sun hango ni sai su fara, "Inna mai turare ta iso! Ke a ciki, kayanki a sama, don Allah." Amma su ne za su fara cewa a ƙulla musu ta kai wa iyali. Matan Fulani su kawo nono mu yi musaya. Sai Madam Rifkatu, matar wani malamin firamare, mutanen kudancin Kaduna ne da suka daɗe a garinmu. Ita ba ta taɓa taya kaya ba. Ɗauka take yi ta gutsura, ta shinshina, ta lumshe ido, ta ce, "Mama, wannan ta Makara ce." Sau da yawa kuma ta canka daidai.

Bayan rasuwar Iya aikin ya dawo hannuna, ga yara, ga dutse da nisa. Wata rana na ce ina dalili. Na shimfiɗa tabarma a filin bayan gida, na shanya kwando biyu da suka nuna lafiya lau, na tafi ɗebo ruwa. Ko me ya firgita jemagun oho, suka tashi suka zaga suka koma. Da na dawo, shanyar kamar an yi mata yayyafi da baƙin abu. Abin da za a zuba a miyar mutane ba a tsince shi a ce ya wanku. Na kwashe duka na zubar.

Da Malam, maigidana, ya dawo na kai masa ƙara. Ya ce, "Iya ba ta taɓa kawo ƙararsu ba." Na ce, "Iya ba ta da goyo a baya da wani a ciki." Ni ba mai faɗa ba ce, amma na iya naci, kullum in aka ajiye tuwo sai na ɗan taɓo maganar. Maƙwabta suka goya mini baya, don jemagun na yi musu ɓarnar mangwaro. Daga ƙarshe maza suka taru da tsakar rana, aka tara tsohuwar taya da busasshen barkono a gindin madaci aka cinna, yara na dukan gwangwani. Kwana uku ana yi. A na ukun suka tashi gaba ɗaya, suka rufe sama, suka nufi kurmin bakin rafi. Na tuna har guɗa aka yi.

Da madacin suka zama ba kowa a kansu, 'yan katako suka zo da injinsu suka taya, aka sayar. Da suka ɗanɗana, suka gangara kurmin, cikin 'yan shekaru suka maida shi fili. A lokacin ne kuma maganin feshi ya shigo kowace gona, masu amya suka fara kukan ƙudan zuma ba ya shiga. Ban ce ni kaɗai na yi wannan duka ba. Amma hayaƙin farko, ni na sa aka tayar.

Shekara biyu na ji daɗin shanya a filin bayan gida. Sai mummunar shekarar ta zo, kuma ba ta zo da kamar mummuna ba. Ɗorawa ta yi fure fiye da kullum, jajayen tuntayen nan na lilo a kowane reshe, har na sayi ƙarin tukunya. Sai furen ya bushe ya zube, na jira sabada, wato 'yan ƙananan 'ya'yan da ke biyo bayan fure, na ga ɗaiɗai. Ranar shela na je da gora na dawo. Abin da na samu a kan Mai Zuma, wadda da sai an yi sawu uku da jaki, bai cika zanen goyo ba. Haka duk gonakin da ke kusa da gari. Wasu suka ce iska ce ta kaɗe furen. Wasu suka ce itatuwan sun tsufa, wasu suka ce baki ne. Aka yi sadaka. Shekara ta biyu haka, ta uku haka. A tsakanin nan Allah ya karɓi ran Malam.

Mai sana'a ba ta rufe tukunya don itace ya ƙi. Na koma yin daddawar batso da gurguzun yakuwa, na gwada ta waken soya, na kuma sayi kalwar da ake kawowa daga nesa, wadda ban san itacenta ba, wata ma ta shekara a buhu. Madam Rifkatu ta gutsura ta shinshina, ba ta lumshe ido ba. Ta ce, "Mama, wannan ba hannunki ba ne." Na ce, "Hannuna ne, Madam, kalwar ce ba tawa ba." Ta saya duk da haka, don mutunci, kuma wannan sayen ya fi ƙin saye nauyi. A bazarar nan na fara ganin yara na yawo ba rawaya a baki, ba garin ɗorawar da za su tsotsa kafin a sauke tukunya.

Gona ta koma hannun babban ɗana. Sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake kiransa. Wata rana bayan la'asar ya shigo ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa, na san da magana.

Ya ce, "Inna, mai gawayi ya zo ya ga ɗorawan nan."

Na ce, "Ya gaishe su?"

Ya ce, "Inna, ba wasa nake ba. Shekara uku ba su ba mu komai ba sai inuwa, masara kuma ba ta son inuwa. Ga tarakta ba ta iya juyawa a tsakaninsu. Itacen da ya daina haihuwa, me ake jira da shi?"

Na ce, "Ni ma na daina haihuwa, Babana."

Ya yi dariya ba da son ransa ba, ya ce, "Ke ai kina daddawa." Na roƙe shi ya bari a ga furen bana. Ya ce to, amma na ga a fuskarsa ya riga ya yi nisa da maganar. Ban ga laifinsa ba. Yana da iyali, kuma ni kaina ba ni da hujjar da zan ba shi sai cewa a nan muka tarar da su.

Hujjar daga ruga ta zo. Akwai wani dattijon Bafulatani, Baffa Ja'e, da kowane rani yakan sauka da shanunsa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Ya biyo karɓar daddawar iyalinsa, ya tarar da ni ina tsince gurguzu. Na ba shi labari. Ya jingina da sandarsa yana saurare, sa'an nan ya ce, "Mai daddawa, ɗorawa ba ta tsufa ba. Ƙetaren kogi inda nake kiwo, bara rassa har karyewa suka yi don 'ya'ya, kuma waɗancan sun girmi naki."

Na ce, "To Baffa, me nawa suka rasa?"

Ya ce, "Yaushe rabonki da tsayawa a gindinsu da magariba, lokacin fure?"

Na ce mace mai girki ina ta ga tsayawa a gona da magariba. Ya ce, "To ki tsaya gobe. Jibi kuma ki sa yaronki ya kawo ki wurina. Ni ban iya bayani ba, ido ya fi ni Hausa."

Washegari na bar wa surukata tukunya na tafi gonar rafi. Fure ya cika, ƙamshinsa har hanya. Na tsaya a gindin Mai Zuma har rana ta faɗi. Shiru. Ko ganye bai motsa ba. Ban ga abin da aka ce in gani ba, na dawo ina cewa tsohon nan ya sa ni ɓata lokaci.

Jibin Babana ya ɗauke ni a babur, yana ta gunaguni a kan mai. Muka ƙetare kogi, muka sami Baffa a bakin daji, inda doka da ɓaure da ɗorawa suke a cakuɗe ba wanda ya taɓa su. Ya shimfiɗa mana buzu, suka yi sallar magariba, ni ma na yi tawa a gefe. Muna sallamewa sai na ji wani fuu-fuu a sama. Suka fara zuwa ɗaya, biyu, sa'an nan ban iya ƙirgawa ba. Jemage zai zo ya kama furen da ƙafa, ya tusa fuska ciki yana lasa, furen na lilo da shi, ya saki ya faɗa wa na itacen gaba. Wani ya sauko kan reshe na ƙasa daf da mu, da sauran haske, na ga fuskarsa da ƙirjinsa sun yi butu-butu da garin fure.

Baffa ya ce, "Tun ina yaro nake kwana da shanu a gindin itace. Wadda waɗannan suke zuwa wa, ita ke haihuwa. Da sassafe kuma ƙudan zuma ya zo ya ƙarasa abin da suka bari. Ku kun kori na yamma da hayaƙi, kun kashe na safe da feshi, kuna tambayar wa ya yi muku baki."

Babana ya ce, "Baffa, wa ya gaya maka mu muka kore su?"

Ya ce, "Tarin barkonon har ruga muka yi shi."

Da na ba Madam Rifkatu labari ranar kasuwa, ta tafa hannu ta ce, "Ai maigidana yana koya wa yara wannan! Garin furen suke ɗauka daga wannan itace zuwa wancan, in babu mai kaiwa babu 'ya'ya." Na ce, "Mu ajinmu na yaƙi da jahilci ba mu kai wannan shafin ba." Ta ce, "Da kin tambaya." Na ce, "Da na san abin tambaya ne."

Babana ya yarda ya ba ni lokaci, amma ya ce ya riga ya ba mai gawayi hannu a kan Tagwaye, kuma namiji ba ya janye hannu. Ranar da aka sare su ina gida ina tankaɗe. Ƙarar injin tana kaiwa har tsakar gida. Na ci gaba da tankaɗena. Saura biyar.

Kiran abin da aka kora ya fi korarsa wuya, wannan ku riƙe. Baffa ya ce jemage na son wurin kwana mai duhun ganye, da abin da zai ci in ɗorawa ba ta fure. Sai na bi bakin rafi ina kafa rassan ceɗiya da durumi, don su in an kafa da damina kamawa suke yi, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Inda ɓaure ya tsiro da kansa na roƙi mai gonar ya bar shi. Na bi gida-gida masu mangwaro ina cewa in sun ga jemagu sun sauka, don Allah kada a jefe su, abin da suka ɓata ni zan biya da daddawa. Mata suka sa mini suna Uwar Jemagu. Wata ta ce, "Ke kika ce a kora, ke kika ce a kira. Gobe kuma me za ki ce?" Na ce, "Gobe zan ce ki zo mu tafi tsinka." Na roƙi Babana ya daina feshi kusa da itatuwan lokacin fure, ya yi mini wannan. Ni kuma na mayar da shanyata falalen dutse, da gwiwoyin da suka girmi na da.

Shekara ta farko ba komai. Ta biyu ba komai, har Babana ya fara gaisuwa mai tsawo. A ta uku wani ɗan gungu, ba su fi a rufe da faifai biyu ba, suka sauka a mangwaron bayan masallaci. Liman da kansa ya hana yara harbinsu. Makara ce ta fara amsawa, sa'an nan Gajera. Ba mu koma kamar zamanin Iya ba, amma na sake dafa kalwar gonarmu, Madam ta sake lumshe ido.

Sau biyu kawai na tsinka bayan nan, sai daji ya ɓaci. Ba sai na ba ku wannan labarin ba, kowace a cikinku tana da nata. Baffa Ja'e ya kora shanunsa ya yi wani wajen tun kafin abin ya yi tsanani, ban sake jin inda yake ba. Su Madam suka koma garinsu. Mu ma wata safiya muka ɗauki abin da hannu zai iya, muka shigo Birni. Babbar tukunyar Iya ba ta ɗaukuwa, tana can. Yanzu kalwar kasuwa nake saye mudu-mudu, in dafa a tukunyar ƙarfe, in rufe da buhu don ba kalgo kusa. Ita ce kuke gani kuna cewa ba wuya.

Kwanan baya mai gawayin nan ya gano inda muke. Ya ce yana da masu shiga har wajenmu su sare su ƙone su fito da shi, in Babana ya yarda da biyar ɗin da suka rage. Wannan karon ban roƙi komai ba. Babana, mutumin da a da yake noma abin da zai ci shekara, yanzu dako yake yi a tasha, yaransa shida. Na ce, "Gonarka ce, Babana." Ya ce zai je ya gani da idonsa tukuna, tun da an ɗan sami sauƙin hanya. Ya bi wasu masu babur da sassafe, ya ce kafin la'asar yana gida.

La'asar ta yi bai dawo ba. Sai washegari da hantsi ya shigo, ƙafafunsa fari fat, a wani ƙauye ya kwana. Matarsa ta fashe da kuka, ni na miƙa masa ruwa. Da ya sha na ce, "Me ya tsayar da kai?"

Ya ce, "Na tarar suna fure."

Na ce, "Sai ka tsaya har magariba. A wurin nan. Kai kaɗai."

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama, ya ce, "Na so in gani ne, Inna."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Ceɗiyoyinki sun fi ɗaki tsawo, sun haɗe da juna. A ciki suke kwana. Da rana ta faɗi suka fito, wallahi Inna sai da na durƙusa, don a kaina suke wucewa. Har Mai Zuma, ba furen da ba a taɓa ba."

Da yamma mai gawayi ya zo jin amsa, suka tsaya a zaure, ina jiyo su daga inda nake. Ya ce, "Haba Malam, itacen da ba ka iya zuwa wurinsa, me zai yi maka?" Babana ya ce, "Ni ne ban iya zuwa. Shi yana nan inda yake." Mutumin ya ƙara taya, ya ƙara, Babana ya ce Allah ya ba shi wani. Washegari ya koma tasha.

Yau kwana ashirin ke nan. In lissafina daidai ne, furen ya zube, sabada ta fito tana lilo kore shar a kan duk biyar ɗin. Nan da 'yan makonni za ta yi duhu ta bushe, ta fara ƙara in iska ta taɓa ta, kuma ba mai gari da zai sa a yi shela. In hanya ta buɗe kafin ruwan farko, zan je ko a kan jaki ne. In ba ta buɗe ba, birai za su ci rabonsu, saura ya zube, damina ta rufe kalwar da ƙasa. Wata a ciki za ta tsiro, tun da bana ba garmar da za ta bi ta kanta.